Darasi: Ƙera Sabon Gib Ga Tsohon Injin Let

Idan injin let ya fara kuka yana karkarwa a tsakiyar yanka, fuskar aikin ta fito da zane-zane a jere, ko kuwa wuƙar datse aiki ta nutse farat ɗaya ta karye, yawancin masu koyo wuƙar suke fara zargi. Su wasa ta, su sake wasawa, su rage gudun injin, amma kukan yana nan. Kafin ka sake komawa wajen garanda, kashe injin, ka kama gidan wuƙa da hannu biyu, ka murɗa shi dama da hagu da ƙarfi. In ka ji teburin gicciye yana motsi a ƙarƙashin hannunka, ko ka ga mai yana tsattsafowa yana komawa a bakin haɗin, to wuƙa ba ta da laifi. Teburin ne ya yi lako-lako a kan hanyarsa, kuma abin da aka sa don hana hakan shi ne siririn ƙarfen nan da ake kira gib.

Kada ka haɗa wannan girgiɗi da wasan da hannun juyi yake yi kafin teburi ya motsa gaba ko baya. Wancan daga zaren dogon sukurun tuƙi yake da notinsa, gib ba ya maganinsa. Namu na gefe ne.

Inda gib yake da abin da yake yi

Teburin gicciye, da ƙaramin teburi na sama, da teburin injin milin, kusan duk a kan hanya iri ɗaya suke zamewa, wadda ake kira dobtel: tudu ne mai faɗi a sama, matsattse a ƙasa, gefensa biyu a karkace, teburin kuma yana da rami mai siffa iri ɗaya da ya rungume shi. Karkatar ta kan zama digiri 60, ko 55, ko 50, wani lokaci 45. Da a ce an yi ramin daidai da tudun cif-cif, da zarar ƙarfe ya ɗan cinye shi ke nan, babu abin da za a matse. Shi ya sa da gangan ake faɗaɗa ramin, a bar gurbi a gefe ɗaya, a zura gib ya cike shi. Fuskar gib ɗaya tana goga a jikin hanya, ɗayar kuma, wato bayansa, tana zaune a jikin teburi ba ta motsi. Duk lokacin da aka samu cinyewa sai a matso da gib.

Iri biyu za ka riƙa gamuwa da su. Na farko miƙaƙƙe ne, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma sukuru uku ko huɗu ko fiye ne suke tura shi daga gefe, kowanne da notin kulle. Irinsa ne a ƙananan injuna kamar Myford ML7, wanda aka fara fitarwa a Ingila a 1946, da kuma South Bend mai inci 9 na Amurka. Na biyu mai tsini ne, kai ɗaya kauri, ɗayan siriri, bangon teburin da yake jingina a kai shi ma an yanka shi da karkata iri ɗaya. Sukuru ɗaya ko biyu ne a ƙarshensa suke tura shi a tsawonsa, yana shiga yana matsewa, kamar yadda ake buga weji a ƙotar gatari in ta saki. Irin wannan ne a injin milin na Bridgeport, wanda ya fito a 1938, da yawancin manyan injunan let irin su Colchester. Mai tsini ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin bayansa duka a jingine yake, ba a kan bakin sukuru kaɗai ba. Ya kuma fi wuyar ƙerawa, don haka shi ne zai ɗauki mafi yawan wannan darasi.

Injunan nan da yawansu sun girmi masu aiki da su. Ana samunsu a makarantun koyon sana'a da shagunan gyara a garuruwanmu, wasu sun wuce hannu uku ko huɗu, kuma ba kasafai ake samun kayan gyaransu a kanti ba. Ko da an samu, gib mai tsini da ake sayarwa ya kan zo da rarar tsawo da kauri, domin sai an daidaita shi da injin da zai shiga. Ashe ko ta wace hanya aikin hannun nan yana jiranka.

Ka auna injin, ba tsohon gib ba

Abin da mai koyo ya fi saurin yi shi ne ya zaro tsohon gib, ya ɗora baniya a kai, ya kwafi awonsa. Wannan kuskure ne, kuma a kansa ake asarar kwanaki. Tsohon gib an yi shi ne don injin da yake sabo shekaru hamsin ko sittin da suka wuce. Tun daga lokacin shi ya cinye, hanya ta cinye, teburin ma ya cinye. In ka kwafe shi, ka ƙera sabon abu mai ɗauke da tsohuwar cuta. Amfaninsa gare ka shi ne ya nuna maka siffa: inda ramin sukuru yake, inda ƙofar mai take, da irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Lambobi kuwa daga jikin injin za ka ɗauko su.

Kwance teburin, ka cire dogon sukurun tuƙi, ka wanke komai da kananzir har sai tsumma ya daina baƙi. In akwai ƙaiƙayin ƙarfe da ya taso a gefe saboda bugu, shafe shi da dutsen wasa mai laushi.

Awon farko na hanyar ce da kanta, kuma shi zai faɗa maka ko sabon gib zai yi amfani. Nemi sanduna biyu masu santsi, zagayayyu, masu kauri ɗaya. Gindin sabon bakin dirila ko ƙwayar bori mai siffar ganga duk suna yi. Kwantar da ɗaya a kowace kusurwar dobtel, ka auna daga bayan wannan zuwa bayan wancan da maikuromita. Matsar da su santimita uku ko huɗu, ka sake aunawa, haka har ƙarshen hanya, kana rubutawa. Kusan kullum za ka tarar wurin da teburi ya fi kai-komo ya fi sirancewa, ƙarshen da ba a cika zuwa ba kuwa yana nan kamar yadda aka ƙera shi. A ce ka samu milimita 82.40 a ƙarshe, 82.31 a tsakiya. Wannan bambanci na 0.09 babu gib ɗin da zai ɓoye shi: in ka matse shi a tsakiya, teburi zai cije a ƙarshe, in ka sassauta don ƙarshe, girgiɗin tsakiya ya dawo. A ganina, bambancin da bai wuce 0.02 ko 0.03 ba ana iya zama da shi. Wanda ya haura 0.05 kuwa, hanyar ce za a fara kankarewa ta daidaita, sannan a zo maganar gib. Ka faɗa wa mai injin wannan tun kafin ka karɓi kuɗinsa.

Awo na biyu na gurbin ne. Mayar da teburin a kan hanya ba tare da gib ba, ka tura shi ya manne sosai da gefen da ba na gib ba, ka ɗaure shi a haka. Ɗauki guntun ƙarfe mai lebur wanda ka san kaurinsa, ka haɗa shi da ganyen fila geji, ka zura tsakanin fuskokin nan biyu masu karkata har ka samu haɗin da yake shiga da ɗan ja. Yi haka a bakin gaba, ka yi a bakin baya. Wannan awo shi ne ainihin kaurin gib. In kuwa da baniya ka auna faɗin gurbin a kwance, to lambar da ka samu ta fi kaurin, saboda karkata. Sai ka ninka ta da 0.866 in kusurwar digiri 60 ce, ko 0.819 in 55 ce, ko 0.766 in 50 ce, ko 0.707 in 45 ce. Gurbi mai faɗin milimita 7 a kwance, a dobtel mai digiri 60, gib mai kaurin 6.06 yake so. Mutane da yawa sun yanka mai 7 sun yi ta mamakin ƙin shigarsa.

In awon gaba da na baya ɗaya ne, gib ɗinka miƙaƙƙe ne. In sun bambanta, ga lissafin tsini. A ce tsawon teburin milimita 250 ne, bakin gaba ya ba da 10.0, na baya 5.0. Bambanci 5 ke nan a cikin 250, wato 1 cikin 50. Injunan Ingila da Amurka da yawa suna da kwatan inci a kowace ƙafa, wanda yake 1 cikin 48, a wasu kuma za ka ga 1 cikin 100. Kada ka zagaye lambarka don ta yi daidai da ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da injin ya faɗa shi za ka bi. Ka riƙe ma'anar lambar da kyau, domin ita za ta jagorance ka har ƙarshen aiki: a tsinin 1 cikin 50, duk milimita ɗaya da gib ya ƙara shiga, kashi biyu cikin ɗari na milimita kawai yake cikewa. Sukurun da ke da tafiyar milimita 10, cinyewar 0.2 kaɗai zai iya biya kafin ya ƙure. Wannan ne ya sa za ka ga tsohon gib yana nan lafiya a ido, bai karye ba, amma ya shige har ƙurya ya daina matsewa.

A irin wannan hali akwai gyaran wucin gadi. Ana manna siririn fallen tagulla a bayan tsohon gib, gefen da ba ya goga, ya dawo da shi baya. Yana yi in gib ɗin bai lanƙwashe ba, kuma ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya karye, ko ya ɓata, ko aka yi masa walda ya murɗe, sai sabo.

Ƙarfen da za ka nema

Ƙarfen zubi mai ruwan toka, wanda ake kira kas, shi ne kan gaba. A cikinsa akwai ɓarɓashin girafait, irin bakin fensir, wanda yake sa shi zamewa a kan ɗan'uwansa ba tare da sun kama juna ba, kuma yana kankaruwa da daɗi. Bayan shi sai tagulla, ko buras ko buronz. Ƙa'idar ita ce kada gib ya fi hanya tauri, domin a bar cinyewa ta faɗa kan abin da ake iya sakewa da araha. Ƙananan injuna da yawa sun zo da miƙaƙƙen gib na sitil, kuma yana aiki muddin da mai. Abin da zan hana ka shi ne ƙarfe mai ƙyalli da aka ja shi a sanyi: fatarsa a ɗaure take, kana cire fuska ɗaya zai lanƙwashe a gabanka.

A kasuwannin tsofaffin ƙarafa irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ana samun karyayyun sassan injuna masu kauri. Gwada guntun da magagari: in yana zamewa ba ya ci, wurin ya ƙandare tun wajen zubi, ka bar shi. Huda shi da dirila: kas gari yake fitarwa baƙi-baƙi, sitil kuwa zare mai nannaɗewa. Zaɓi guntun da ya fi abin da kake so kauri sosai, mara ramukan iska.

Ko kas ɗin ma yana motsi in an sirance shi. Don haka yanka shi da zarto ko injin ya rage saura kamar milimita ɗaya a kowace fuska, sannan ka kai wa maƙeri ya gasa shi a hankali har ya fara ja a cikin duhu, kimanin digiri 550 zuwa 600, ya binne shi cikin toka mai zafi ya kwana ya huce da kansa. Kada a tsoma shi a ruwa. Bayan wannan, duk abin da za ka cire, ka cire kaɗan a nan, ka juya ka cire kaɗan a can, don kada ɓangare ɗaya ya ja ɗaya.

Yanka

Ka yi shi da tsawo fiye da kima. Ga misalinmu, ƙara milimita 40 a kowane kai, ya zama 330. Tunda tsinin 1 cikin 50 ne, siririn kan zai zama 4.2, mai kaurin 10.8. A kan haka ƙara 0.2 na kankara. Kada ka yanka ramin sukuru yanzu, kada ka rage tsawo. Ba ka san inda gib ɗin zai tsaya ba tukuna.

Matsalar siririn abu ita ce riƙewa. In ka matse shi a bayis ya lanƙwashe, za ka yanka shi lebur a lanƙwashe, kana saki ya koma baka. Nemi ƙarfe mai kauri, miƙaƙƙe, ka yanka masa mataki a tsawonsa, ka kwantar da gib a ciki da ƙananan maɗaurai masu tura shi daga gefe. Fara da bayansa, ka fitar da shi lebur. Sannan juya shi, ka ɗaga kan da zai zama siriri ta hanyar sa ciko a ƙarƙashin wannan shimfiɗa: in tsakanin wurare biyun da take tsaye a kai milimita 300 ne, cikon 6 ne. Tabbatar da agogon awo: a tafiyar milimita 100, allura ta nuna 2.0. Kas a bushe ake yanka shi, ba ruwa ba mai. Rufe hanyoyin injin da kake aiki a kai da takarda, domin garinsa cin ƙarfe yake yi, ka kuma sa tabarau.

Saman gib da ƙasansa su ma a karkace suke, daidai da kusurwar dobtel. Ga dabara mai sauƙi: teburin da kansa ya zama maka ma'auni. Kife shi, ka kwantar da gib a jikin bangonsa mai karkata, ka tokare shi da sanda zagayayya da maɗauri, ka yanka abin da ya ɗago sama a kwance. Juya gib ɗin ka yi ɗaya gefen. Kusurwa za ta fito da kanta ba tare da ka karkata komai ba. Sai dai ka kula kada wuƙa ta taɓa fuskar teburin. Tsayin gib ya gaza zurfin ramin da kamar 0.3, domin ba a so ya taɓa sama ko ƙasa, kuma ka kashe kaifin gefunansa huɗu don kada ya hau kusurwa.

Wanda ba shi da injin milin ko shefa zai iya da zarto da magagari. Zana layin tsini a gefe biyu, ka riƙa ci a giccie kana dubawa da miƙaƙƙen ƙarfe a gaban haske. Aikin yana da tsawo, amma ba ya gagara, kuma tagulla ta fi sauƙi a hannu.

Kankara

Nan ne gib yake zama na wannan injin shi kaɗai. Duk kyawun yankan inji, fuskar da ya bari tana da tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani, kuma a kan tudu biyu ko uku kaɗai za ta zauna. Kankara ita ce gano tuddan nan da launi, a sauke su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Tsohuwar sana'a ce: Joseph Whitworth, injiniyan Ingila, ya bayyana ta a taron masana a Glasgow a 1840, inda ya nuna cewa in aka kankare faranti uku ana gwada kowanne da sauran biyun, dole dukansu su fito lebur. Har yau da ita ake gama hanyoyin injuna masu tsada.

Makankari ba sai ka saya ba. Ɗauki tsohon magagari mai lebur, ka share haƙoransa na kusa da baki a garanda, kana yawan tsoma shi a ruwa don kada ya yi shuɗi ya rasa taurinsa. Bakin ya zama a datse, ba mai tsini irin na wuƙa ba, da ɗan lanƙwasa kaɗan a faɗinsa don kada kusurwoyi su yi zane. Gama shi a dutsen mai, kuma ka riƙa komawa dutsen a kai a kai. Makankari mai dakushi zamewa yake yi, ya gaji da kai a banza. Launin kuwa shuɗin Furusiya ne mai mai wanda ba ya bushewa; ana sayar da shi don wannan aiki, fentin masu zane na mai mai wannan launi shi ma yana yi. Ma'aunin lebur shi ne farantin dutsen giranit. In babu, gilashi mai kauri a kan teburi mai kyau ya fi babu.

Fara da bayan gib. Shafa shuɗi a kan faranti siriri ƙwarai, har kana hango dutsen ta cikinsa. Ɗora gib, ka motsa shi gaba da baya kaɗan da 'yan yatsu a gefe. Kada ka danna. Wannan ita ce gaɓar da ta fi yaudara: siririn ƙarfe yana bin hannu, in ka danna tsakiyarsa zai kwanta ya ɗauki shuɗi ko'ina, ya yi maka ƙarya cewa ya miƙe. Ɗaga ka duba. Inda ya yi shuɗi nan ne tudu. Kankare wuraren nan kaɗai da gajerun turi a karkace, zagaye na gaba ka sauya hannu su gitta na farko. Shafe ƙaiƙayi da dutse, goge tas, ka sake gwadawa. Ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta ɓata karatun, don haka tafin hannu mai tsabta ya bi bayan tsumma. Idan baya ya kwanta a faranti, gwada shi a bangon teburin da zai jingina a kai.

Yanzu fuskar gaba. Shafa shuɗi a gefen hanyar injin, ka ɗora teburi, ka zura gib da hannu har ya tsaya da kansa, ka ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, ba da guduma ba. Zai tsaya da saura kamar milimita 10 a waje fiye da inda lissafi ya nuna, rarar 0.2 ɗin nan ce. Tura teburin gaba da baya sau biyu ko uku, ka zaro gib ta hanyar bugun siririn kan a hankali, ka karanta. In shuɗi a kai mai kauri kaɗai ya kama, tsininka ya yi yawa: raba tsawon kashi huɗu a ranka, ka kankare kashin farko sau huɗu, na biyu sau uku, na uku sau biyu, na ƙarshe sau ɗaya. In a siririn kai ya kama, juya lissafin. In a gefen sama ko na ƙasa kaɗai ya kama a duk tsawon, kusurwar ce ta kauce, sai ka ci wancan gefen. Kada ka fara neman ƙananan ɗigo tun shuɗi bai kai kai biyun ba. Gyara siffa tukuna, ado daga baya.

A hankali manyan tabo za su farfashe su zama ƙanana su bazu. Yanka taga mai milimita 25 kowane gefe a jikin kwali, ka ɗora ka ƙirga: ɗigo 10 zuwa 15 a kowace taga, ko'ina a tsawon, ya wadatar ga injin aiki. Daga nan sai ka ƙara wa tsakiyar gib zagaye ɗaya ko biyu marasa nauyi, ya zama kai biyun ne suka fi ɗaukar nauyi. Gib mai tudu a tsakiya lilo yake sa teburi, komai matsewarsa.

Za a ba ka shawara ka shafa man gogar bawul ka yi ta turawa har su cinye juna su daidaita. Kada ka yarda. Tsakuwar da ke cikinsa tana nutsewa a jikin kas da tagulla, wanki ba ya fitar da ita duka, ta ci gaba da cin hanyar shekara da shekaru. Haka kuma kada ka bi fuskar da sanfefa don ta yi ƙyalli. Ƙananan kwaruruwan da makankari ya bari su ne mazaunin mai. Fuska biyu masu sulɓi sosai suna matse mai ya fita, teburi ya riƙa cijewa yana fizga, ka nemi kashi ɗaya cikin ɗari ya ba ka biyar.

Gamawa da ɗaurawa

Sai yanzu za ka yanke tsawo. Zura gib ya tsaya inda teburi ke tafiya ba girgiɗi, ka yi alama a kai biyun. Sanya ramin da kan sukuru zai shiga ta yadda sukurun yake a farkon tafiyarsa, mafi yawan zarensa yana ajiye don cinyewar gaba. Ramin ya kama kan sukurun ba wasa. In da wasa, gib zai riƙa bin teburi, ya matse in an tafi wannan gefe, ya saki in an dawo. A injin da ke da sukuru biyu, na baya shi ne yake tokare shi, amma kada a ɗaure shi har ya lanƙwasa gib. In tsohon yana da ƙofar mai da ɗan kwarin da ke raba shi, yi wa sabon, kuma kwarin kada ya fita har baki, don kada mai ya tsiyaye.

Miƙaƙƙen gib ya fi sauƙi. Kaurinsa ya gaza gurbin da kamar 0.1 kawai, wanda ya yi siriri da yawa lanƙwashewa yake yi tsakanin sukuru da sukuru. Bayan kankara, zura shi, ka tokare, ka sa tsinken alama ta kowace ƙofar sukuru, sannan ka huda ɗan gurbi mara zurfi a kowace alama, a layin da sukurun yake zuwa, don bakinsa ya zauna ya hana gib zamewa. Wajen daidaitawa, bar dogon sukurun tuƙi a cire, kana tura teburi da hannu, domin hannu ya fi jin cijewa. Matse kowane sukuru lokacin da yake saitin jikin hanya, ba lokacin da ya leƙa waje ba. Riƙe shi kam yayin da kake ɗaure notin kulle, ka kuma lura ɗaure notin yana ɗan ja da sukurun baya, don haka sai ka sake gwadawa.

Gwajin ƙarshe da agogon awo ne a gefen teburi: ja, tura, a gaba da baya. Allura kada ta wuce 0.02, teburi kuma ya tafi daga farko har ƙarshe da nauyi ɗaya. Wanke shuɗin tas, ka sa man hanya mai lamba 68. Giris ba na nan ba ne, baƙin man mota ma haka. Dukansu suna tara garin ƙarfe, a lokacin hunturu kuma ƙura ta haɗu da su. Bayan mako ɗaya ko biyu na aiki sabon gib zai zauna, ya nemi a ɗan ƙara matse shi sau ɗaya.

Aikin yi

A injin da ke wurin koyonku, auna hanyar teburin gicciye da sanduna biyu a wurare biyar, ka rubuta lambobin, ka faɗi ko sabon gib kaɗai zai wadatar da kuma dalilinka.

Wani teburi tsawonsa milimita 300 ne. Da fila geji an samu 11.5 a gaba, 8.5 a baya. Fitar da tsinin. In za a ƙara milimita 50 a kowane kai, nawa ne kaurin kai biyun kafin rarar kankara? In gib ɗin ya tsaya da saura milimita 12 a waje, nawa ya rage a kankare?

Ƙera makankari daga tsohon magagari, ka kankare fuska ɗaya ta guntun kas mai faɗin tafin hannu har ta ba da ɗigo 10 a tagar milimita 25. Kawo shi aji tare da makankarin, malami zai duba bakinsa kafin ya duba aikin.